FILIN SANI: Ɗigon ruwa da ƙwallon ƙarau, yadda suke tara hasken rana

  

A wannan wata za mu yi magana a kan abu ƙarami ƙwarai, wato ɗigon ruwa. Masu noman rani sun sha faɗin cewa in an yi ban ruwa da tsakar rana, ɗigon da ya zauna bisa ganye yana ƙone shi. Wasu kuma suna tambaya ko gaskiya ne kwalbar ruwa tana iya tada gobara. Maganganun nan biyu tushensu ɗaya ne. Ɗaya gaskiya ce, ɗaya kuwa tana son gyara. Amma kafin mu raba su, sai mun gane abin da haske yake yi in ya shiga cikin abu mulmulalle, garai-garai, wanda ake hango bayansa.

Ku gwada da hannunku

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ku samo leda fara wadda ake ganin abu ta cikinta. Ku shimfiɗa ta bisa wannan jarida. Ku tsoma tsinke cikin ruwa, ku ɗiga ɗigo ɗaya bisa ledar, daidai kan wani baƙi. Ku duba. Baƙin ya ƙara girma. Ku ɗaga ledar kaɗan, zai ƙara girma. Ku ƙara ɗagawa, zai dushe, sa'an nan ya dawo a juye, kansa ƙasa.

Yanzu ku yi ɗigo biyu, babba da ƙarami. Za ku ga ƙaramin ya fi ƙara wa baƙi girma. Dalili shi ne babban ɗigo yana bajewa, ƙarami kuwa yana tsayawa a dunƙule. Ku riƙe wannan: iyakar ƙanƙantar ƙwallo, iyakar ƙarfinsa wajen ƙara girman abu.

Gwaji na biyu sai da rana. Ku cika kwalba fara mai tumbi da ruwa mai kyau. Ku riƙe ta a rana, ku sa farar takarda a bayanta, wajen inuwa. Cikin inuwar za ku ga wuri guda yana haske ƙwarai. Ku matso da takarda, ku janye ta, har hasken ya tsuke. Wannan wuri shi za mu kira matattarar haske. Ku zubar da ruwan, ku sake gwadawa da kwalbar babu komi ciki. Matattarar ta ɓace. Ashe ruwan ne yake aikin.

Me ya sa haske yake karkacewa?

Babu abin da ya kai haske gudu. Cikin iska yana cin wajen kilomita dubu 300 a daƙiƙa ɗaya. In ya shiga ruwa gudunsa yana raguwa, ya koma wajen kilomita dubu 225. In cikin ƙarau ne, wato gilashi, ya koma wajen kilomita dubu 200.

Duk mai amalanke ya san abin da ke faruwa in ya fito daga fako ya shiga rairayi a karkace. Ƙafar da ta fara shiga rairayi tana rage gudu, ɗayar tana nan tana gudu bisa fako. Sai amalanken ya juya wajen ƙafar da ta nutse. In kuwa ya shiga kai tsaye, ƙafafu biyu tare, ba ya juyawa, sai dai ya rage gudu. Haka haske yake yi. Shi ya sa sandar makiyayi in an tsoma ta cikin tabki ake ganinta kamar ta karye.

To, ƙwallo ko'ina jikinsa a lanƙwashe yake. Hasken da ya faɗa tsakiyarsa yana wucewa kai tsaye. Wanda ya faɗa gefen dama yana karkatowa ciki. Wanda ya faɗa gefen hagu shi ma haka. Na sama ya sunkuyo, na ƙasa ya ɗago. In sun zo fita ta baya su ƙara karkata. Sai duk su haɗu wuri ɗaya, kamar hanyoyin shanu da suke haɗuwa a bakin rijiya.

Ina suke haɗuwa? Wannan ya danganta ga abin da aka yi ƙwallon da shi. In na ruwa ne mai faɗin santimita 10, matattarar tana wajen santimita 5 a bayansa, wato rabin faɗinsa. In na ƙarau ne mai wannan girma, tana wajen santimita 2 da rabi. Akwai kuma wani ƙarau na musamman wanda ya fi riƙe gudun haske. Shi matattararsa tana faɗawa daidai bisa bayan ƙwallon. Kada ku manta da wannan lissafi, don shi ne zai warware mana sauran magana.

Malaman da sun san wannan

Wannan ilimi ba na jiya ba ne. Wani babban malami, Ibnul Haisam, an haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 965, ya yi zamansa a Alƙahira ta Masar. Ya rubuta littafi a kan gani da haske, ya kuma yi rubutu na dabam a kan ƙwallon ƙarau mai ƙonewa.

Bayansa da wajen shekara 300, wani malamin ƙasar Farisa, Kamaluddin Alfarisi, ya ɗauki ƙwallon ƙarau ya cika shi da ruwa, ya mai da shi kamar babban ɗigon ruwan sama. Ya bi sawun haske a cikinsa. Ya gane haske yana shiga ɗigo, wani sashe ya bugi bayan ɗigon ya komo, ya fito a rarrabe launi-launi. Wannan shi ne bakan gizo. Saboda haka bakan gizo ba ya shanye ruwa. Kullum rana tana bayan mai kallonsa, ruwa yana zuba a gabansa. In kun gan shi da marece, gabas yake, ruwa yana zuba can ke nan. Mun kuwa san hadarin ƙasarmu yawanci daga gabas yake tasowa. In da safe ne, yamma yake, sau da yawa ruwan ya riga ya wuce.

Ma'aikatan meteyo, masu auna yanayi, su ma sun daɗe suna aiki da ƙwallon ƙarau. Wani mutumin Birtaniya mai suna Kambel ya ƙago awon a 1853, aka gyara shi a 1879. Ƙwallo ne mai faɗin wajen santimita 10, an sa takarda mai layin sa'o'i a bayansa. Rana tana tafiya, matattarar tana ƙone takardar a hankali. In girgije ya rufe rana, ƙunar ta tsaya. Da marece a auna tsawon ƙunar, a san sa'a nawa rana ta yi tana haskawa. Yau an sami na'urori masu aiki da lantarki, amma har yanzu akwai tashoshin da ke riƙe da wannan tsohon awo.

Maganar gobara gaskiya ce

In ƙwallo yana ƙone takardar meteyo, kwalba mai tumbi cike da ruwa ita ma tana iya ƙone abu. Hasken da ya faɗa wa wuri mai faɗin tafin hannu, an tara shi a wuri kamar ƙwayar wake. Zafin rana ɗin nan duka ya taru can. In akwai busasshiyar ciyawa, ko auduga, ko baƙin tsumma, daidai matattarar, yana iya yin hayaƙi, har ya kama. Abu mai duhu ya fi saurin kamawa, don baƙi yana shan haske, fari yana mai da shi.

Abin ba kullum yake faruwa ba. Sai ruwan ya zama garai, rana ta buɗe, abin ƙonewa kuma ya dace da matattarar. Amma sau ɗaya ya isa. Mun san abin da gobara take yi da rani, lokacin da iska ke kaɗawa, rijiya kuma tana nesa. Rumbu guda abincin shekara ne. Makiyaya ɗaya in ta ƙone, garken gari ne zai kwana da yunwa har damina.

Saboda haka kada a aje farar kwalba mai ruwa, ta ƙarau ko ta roba, a rana kusa da rumbu, ko bisa tarin harawa, ko jikin dannin kara. Kada a bar ta bisa buhun auduga ko bisa kujerar mota. Makiyayi in ya sauka hutawa, ya sa kwalbarsa a inuwa, ko ya naɗe ta da tsumma. Tsumman zai tare haske, in an jiƙa shi kuma ya sanyaya ruwa. Tulu da gora da randa babu ruwansu da wannan magana, don haske ba ya ratsa su. Tabaran karatu na tsofaffi shi ma yana tara haske, kada a bar shi a rana bisa takarda ko tabarma.

Akwai wadda ta fi gobara muni. Kada kowa ya dubi rana ta cikin kwalbar ruwa, ko ƙwallon ƙarau da yara ke wasa da shi, ko madubin ƙara girma. Idon mutum shi kansa yana tara haske a can cikinsa. Wurin da hasken ke faɗawa ba ya jin ciwo, yana iya ƙonewa mutum bai sani ba, kuma gani ba ya komawa yadda yake. Iyaye, ku ja wa yara kunne.

Maganar lambu tana son gyara

Yanzu mu koma ga masu albasa da tumatir da salati da kabeji. Masana na ƙasar Hangari sun gwada wannan magana, sun fito da sakamako a 2010. Sun sa ƙananan ƙwallayen ƙarau bisa ganye a rana, ganyen ya ƙone tabo-tabo. Sun sa ɗigon ruwa bisa ganye mai santsi a rana, bai ƙone ba.

Lissafinmu na ɗazu ya faɗi dalili. Ɗigon ruwa manne yake da ganye, matattararsa kuwa tana can nesa da bayansa. Kafin haske ya taru, ganye ya riga ya tare shi. Ban da wannan, ruwan yana sanyaya wurin da ya zauna, kuma ba ya daɗewa yake bushewa. Ga shi ƙarami. Ɗigo mai faɗin milimita 2 hasken da yake kamawa ya kasa na ƙwallon meteyo sau 2500.

Wuri ɗaya suka ga ƙuna. Wani ganye ne da ke yawo bisa ruwa, mai gashi wanda ruwa ba ya kama shi. Gashin ya ɗaga ɗigon sama, ya raba shi da ganye, sai matattarar ta faɗa daidai bisa ganyen.

To, a yi ban ruwa da tsakar rana ke nan? A'a. Safe da marece sun fi, amma dalilin dabam ne. Da tsakar rana zafi da iska suna kwashe ruwa da yawa kafin ya kai ga saiwa. Wanda ya ja ruwa da guga ya san tsadarsa. Sai dai in ka tarar da shukarka ta yi yaushi, ƙasa ta bushe ƙayau, kada ka bar ta ta mutu don tsoron ƙunar ganye. Ba ta ruwa nan take. Ka zuba a gindi, don saiwa ce ke sha. Ganyen da ke kwana a jiƙe shi ne cutar ruɓa ta fi kamawa.

In kuwa ka ga ganye yana ƙonewa, ka nemi dalili a wani wuri. Ko ƙishirwa ce, ko ruwan rijiyar yana da gishiri da kanwa, ko taki na zamani ya yi yawa, ko an fesa magani mai ƙarfi cikin zafin rana, ko cuta ce. Ka tsinko ganyen ka kai wa malamin gona.

Raɓa, idon shanu da allon hanya

Ƙarshen damina, in ka fita da sassafe, raɓa ta kwanta bisa ciyawa, ka ba rana baya ka dubi inuwarka. Za ka ga wani farin haske ya kewaye kan inuwar. Abokinka da ke kusa zai ga haske a kan tasa inuwar, ba zai ga naka ba. Kada kowa ya ce waliyyi ya zama. Kowane ɗigon raɓa yana tara haske bisa ganyen da ke bayansa, ganyen ya mai da shi, ɗigon ya koma da shi ta hanyar da ya zo, wato wajen rana. Kanka yana tsakanin rana da wannan wuri, shi ya sa kai ke ganinsa.

Makiyayi ya san irin wannan. In ya haska garke da tocila da dare, idanun shanu da awaki suna walƙiya. Ba wuta ke cikinsu ba. Idon yana tara hasken tocilar a bayansa, can kuwa akwai wani shimfiɗi mai ƙyalli wanda yake mai da hasken ga mai tocila.

Ma'aikatan hanya sun ɗauki wannan dabara. Farin layin da ake ja bisa kwalta, ana barbaɗa masa ƙwallayen ƙarau ƙanana kamar rairayi. Rigunan ma'aikata masu ƙyalli da dare, da alluna da yawa na bakin hanya, su ma akwai irin waɗannan ƙwallaye jikinsu. A nan ne ake aiki da ƙarau na musamman ɗin nan wanda matattararsa ke faɗawa daidai bayansa. Fitilar mota ta haska, hasken ya koma wajen direba. Waɗansu allunan kuma da ƙananan kusurwoyi masu ƙyalli ake yin su, amma aikin ɗaya ne.

Wannan magana ta shafi ranmu. Amalanke nawa ke dawowa daga kasuwa bayan magariba, bisa babbar hanya tsakanin Maraɗi da Damagaram, ko tsakanin Ƙonni da Tawa, ba fitila, ba alama? Direba ba ya ganin jaki cikin duhu sai ya zo kansa. Ku liƙa ƙyalle ko faranti mai mai da haske a bayan amalanke da gefensa. Ku riƙa share shi, don ƙura tana kashe aikinsa. Ku sani kuma ba shi da hasken kansa, sai fitila ta buge shi. Allunan bakin hanya kuwa dukiyar kowa ce. Wanda ya cire su don ya yi ƙyaure ko murhu, ya cire wa matafiya ido.

Daga ɗigon ƙarau zuwa gidan likita

A garin Delft na ƙasar Holan an yi wani mai sayar da tufafi, sunansa Lewenhuk. Bai yi karatu mai zurfi ba. Ya koyi yin ƙananan maduban ƙarau, waɗansu ba su kai ƙwayar dawa ba. Mafi ƙarfi cikin waɗanda suka rage yana ƙara girman abu fiye da sau 250. A 2021 masana sun leƙa cikin wannan madubi da na'ura, suka tarar ƙwallon ƙarau ne ɗan ƙarami. A 1674 Lewenhuk ya duba ruwan tabki da madubinsa, ya ga ƙananan halittu suna iyo. A 1676 ya ba da labarin waɗanda suka fi su ƙanƙanta, irin da yau muke kira ƙwayoyin cuta, ko da yake ba dukansu ke sa cuta ba.

Madubin da kuke gani a gidan likita, mikroskop, maduban ƙarau da yawa ne aka jera, yana ƙara girma har sau 1000. Da shi ake ganin ƙwan tsargiya cikin fitsari, wanda tsawonsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Da shi ake ganin ƙwayar zazzaɓin sauro a cikin jini. In likita ya ce a kawo fitsari ko a ɗibi ɗigon jini, kada a ƙi. Abin da ido bai gani ba, madubi yana gani. Ruwan tabki kuma, ko ya yi garai, a tace shi a tafasa kafin a sha.

A 2014, a jami'ar Stanford ta Amurka, an fito da mikroskop na takarda mai ƙwallon ƙarau guda ɗaya a ciki. Kayan haɗa shi ba su kai dalar Amurka ɗaya ba. An gwada shi a Gana wajen neman ƙwan tsargiya. Ya kama waɗansu, ya kuskure waɗansu. Bai maye gurbin na likita ba, amma yana da amfani wajen koyarwa a lakkwal.

Ƙwallayen da ido ba ya gani

In an raba milimita ɗaya kashi 1000, kowane kashi sunansa mikron. Kaurin gashin kai yana tsakanin mikron 50 da 100. Ƙwayar jan jini wajen mikron 7 ce. Tun 1873 wani masanin Jamus mai suna Abbe ya nuna mikroskop mai aiki da haske yana da iyaka. Abubuwa biyu in tsakaninsu bai kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na mikron ba, sai su haɗe ya gan su kamar ɗaya. Ƙwayoyin da ake kira birus, kamar na shan inna, sun fi wannan iyaka ƙanƙanta.

A 2004, masana a wata jami'a kusa da birnin Cikago na Amurka suka lissafa abin da ke faruwa in abin da ke tara hasken faɗinsa mikron kaɗan ne. Suka tarar hasken yana fita daga bayansa kamar tsinin allura, siriri ƙwarai, mai ƙarfi, manne da jikinsa. A 2011, a jami'ar Mancesta ta Ingila, aka ɗora ƙwallayen ƙarau masu faɗin mikron 2 zuwa 9 bisa abin da ake son dubawa, aka leƙa ta cikinsu da mikroskop na kullum. Aka ga abubuwa masu ƙanƙantar kashi ɗaya cikin 20 na mikron, wato sau huɗu ƙasa da tsohuwar iyaka. Masana suna ci gaba da aiki a kai, don a sami hanyar duba ƙananan abubuwa ba tare da na'urori masu tsada ba.

Abin da za mu riƙe

Kwalba fara mai ruwa, a inuwa, nesa da rumbu da harawa. Kada a dubi rana ta cikin ƙarau ko ruwa. Ban ruwa safe da marece, a gindin shuka, amma shukar da ke mutuwa ba ta jiran marece. Amalanke ba ya hawa kwalta da dare sai da alama mai mai da haske. Rigakafi ya fi magani.

Ga aiki ga ɗaliban cibiyoyin yaƙi da jahilci. Ku yi gwajin leda da na kwalba tare da malaminku, da bokitin ruwa a kusa. Sa'an nan ku amsa: in ƙwallon ruwa yana da faɗin santimita 8, santimita nawa ne daga bayansa zuwa matattarar haske? In na ƙarau ne fa? Ku rubuto amsa da hannunku, ku faɗi sunan garinku. Wanda ya karanta wannan fili, ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna.

Allah ya tsare mu da gobara, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Naku, malamin yaƙi da jahilci.